Tambaya da Amsa: Kwamfuta Na Roƙon Sulhu, In Ce Mata Albarka?

Wasiƙu uku suka zo a kan abu ɗaya wannan karon, duka a kan Civilization, gem ɗin nan na kafa daula da ake bugawa bi-da-bi kamar dara: ka yi naka motsin, ka danna, sauran sarakuna su yi nasu. Na rage musu tsawo saboda fili. Masu tambaya a kan batirin laftof da ke kumbura, ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni nake riƙe wa maigidana littafi a sashen albasa na kasuwar Mile 12. Da dare in an tashi nakan buga Civilization VI, mai ƙarin Gathering Storm. Na ɗauki Mali, na yaƙi Masar da ke maƙwabtaka da ni, na ci garuruwa biyu, saura biyu. Duk bayan 'yan zagaye sai sarauniyarsu ta aiko neman sulhu, har da zinariya a kai. Wani abokina ya ce kada in karɓa, in bar yaƙin a buɗe har ƙarshen wasa, wai a nan riba take. Gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya ake yi ba tare da garuruwana sun yi bore ba? Daga ƙaninka, Mile 12.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba maigidanka kasuwa. Abokinka ya san abin da yake faɗa, sai dai ya ba ka maganin da ba na ciwonka ba ne. Bari in fara da inda yake da gaskiya.

Yawancinmu mun ɗauka zama cikin yaƙi shi ke gajiyar da talakawa a gem ɗin nan. Ba haka masu shi suka gina shi ba. Abin da ake rubuta maka a littafi shi ne karo. Duk lokacin da sojanka ya kai sara ko aka kawo masa, ana ƙara maka makin gajiyar yaƙi. In a ƙasar wani aka yi karon, makin ya ninka na wanda aka yi a gida, in kuma sojan ya mutu a ƙara maka wani a kai. Duk maki 400 da suka taru sai a zare maka walwala ɗaya, kuma ƙarancin walwala shi ke rage amfanin gari har ta kai 'yan tawaye su fito daga cikinsa. Amma makin yana zagwanyewa da kansa in ka huta da faɗa: 50 a zagaye ko da yaƙin na nan a buɗe, 200 in kana zaune lafiya da kowa. Kai da kake riƙe littafi ka riga ka hango inda lissafin ya nufa. Wanda ya ɗaura yaƙi ya koma gida ya zauna, ba a bin sa ko sisi. Za ka iya shekara dubu a kalandar gem kuna gaba da Kiliyofatara, sarauniyar Masar, mutanen Niani, babban birnin Mali, na barcinsu har da minshari.

To in babu asara a zama, ina ribar? Ribar ita ce maƙwabcin da ka karya ya zama saniyar tatsa. Muddin yaƙi na buɗe, ƙasarsa halal ce ga dawakanka. Ka wawashe unguwar makarantunsa ka sami ilimi, ka wawashe kasuwarsa ka sami zinariya, wurin ibadarsa ya ba ka imani, gonarsa kuwa ta warkar maka da sojan da ya ji rauni. Ayarin fatakensa in ya gitta, ka tare. Duk wannan ba ya jawo maka ƙullacin duniya irin wanda cin gari ke jawowa. Sannan ga horo. 'Yan fashin dajin da gem ke watsawa a taswira, da zarar sojanka ya sami ƙarin girma na farko, maki ɗaya tak suke ba shi a kowane karo. Sojan wata daula ba shi da wannan iyakar. Wato raunanan maƙwabci shi ne filin fareti mafi arha da za ka samu.

Na taɓa yin wannan da wani gari guda da ya rage wa abokin gabata, a gindin duwatsu, da unguwar makarantu a gefensa. Mahaya biyu na ajiye, da maharba biyu a bayan kogi. Gari mai ganuwa yana harbi ne zuwa taku biyu, don haka na tsaya a taku na uku. Mahayi zai shiga, ya ƙone makarantar, in yana da sauran tafiya ya fice kafin kibiya ta same shi, domin ita ma kibiyar ganuwa karo ce, ana rubutawa. Wawashewa takan ci taku uku daga tafiyar soja, amma mahaya marasa sulke suna da wani ƙarin girma da ke mayar da ita taku ɗaya, kuma daga ranar da nawa suka same shi sai abin ya zama kamar zuwa ɗiban ruwa. Garin zai bar duk abin da yake ginawa ya koma gyaran makaranta. Magini zai fito gyaran gona, in kama shi, ya zama nawa. Na ƙirga magina biyar da na samu a haka ban kashe ko zinariya ɗaya ba. Kwamfuta ba ta taɓa cewa a cikin ranta, kai, wannan hanyar an kama mini mutum jiya. Gobe ma ta nan za ta turo.

Yadda ake hana ƙofar rufuwa kuwa, kai ka fi ni sani, don kullum kana jin sa a kasuwa. Sulhu ciniki ne, ba ya faɗawa sai mai kaya ya sallama. Ta taya, ka ce albarka. Ta ƙara, ka ce albarka. Babu wata doka a gem da za ta tilasta maka. Abin da kawai za ka kiyaye shi ne kada hannunka ya zarce ka ci garinta na ƙarshe. Ranar da ka shafe daula daga taswira, saniyar ta mutu, kuma sauran sarakuna za su ɗaure maka fuska na dogon lokaci.

Sauran aikin na bayan gida ne. Yadda ka buɗe yaƙi yana bin ka: farmakin ba-zata ƙullaci 150 ne a kanka, amma in ka fara yi wa mutum Allah wadai a bainar jama'a, ka jira zagaye biyar, sannan ka yi shela, 100 ne, gajiyar yaƙinsa ma ta fi sauƙi. Kafin ka juya wa sauran maƙwabta baya, ka nemi su yi shelar abota da kai. Zagaye 30 take yi, kuma a cikinsu ba mai ikon ɗaura wa wani yaƙi. Wannan kwaɗo ne da kwamfuta ke taimaka maka ka kulle ta da shi. Akwai kuma yaƙin haɗin gwiwa, wanda ni a ganina shi ne mugun makami a teburin. Ka je wurin wani sarki mai ƙarfi, ka ɗan sa masa zinariya, ku ɗaura wa wani na uku yaƙi tare. Shi zai kwashi rundunarsa ya tafi da gaske, kai ko takalmi ba ka sa ba. Su biyun za su bar gina makarantu su koma ƙera takubba. Ƙananan biranen nan masu cin gashin kansu ma haka: in kana da wakilai aƙalla uku a birni, kuma ka fi kowa yawa, kai ne ubangidansa, duk wanda ka yaƙa shi ma ya yaƙe shi.

Duk wannan gaskiya ne, kuma yana aiki. Amma kai Mansa Musa na Mali ka ɗauka.

Mali a gem ɗin nan attajiri ne mai raunin hannu. An rage mata kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin aiki wajen gine-gine da horar da soja, aka biya ta da zinariya: ma'adinanta na zubo kuɗi, kasuwarta Suguba na sauke mata kashi 20 cikin ɗari a abin da ta saya, fatakenta da ke fita waje na ƙara riba gwargwadon hamadar garin da suka taso. Ba daular da ta fi ta buƙatar hanya a buɗe. Kuma duba wa ka rufe wa ƙofa. Baiwar Kiliyofatara ita ce duk ayarin da wata ƙasa ta aika Masar, garin da ya aika yana samun ƙarin abinci biyu. Kai da garuruwanka ke cikin rairayi, abinci shi ne abin da ka rasa. Kana ƙone gonarta don ka warkar da doki ɗaya, alhali ayari ɗaya zai ciyar maka da gari.

Sannan garuruwa biyun da ka ci, je ka duba su yau da dare. Ba sa girma. Garin da aka ƙwace yana nan a matsayin na mamaya, ba zai ƙara mutum ko ɗaya ba sai mai shi ya sallama maka shi a teburin sulhu. In babban birninta na asali na cikinsu, ana kuma zare maka makin alfarma biyar duk zagaye, wanda da shi ake jefa ƙuri'a a Majalisar Duniya. Dogon yaƙi sana'ar wasu ce. Iskandar na Makidoniya, garuruwansa ba sa gajiyar yaƙi sam. Gorgo ta Sparta tana samun al'adu a kan duk sojan da ta kashe. Su a fagen daga suke noma. Kai kuwa bafatake ne da aka ba aron takobi. (In kuma wata rana Gandi na Indiya ne maƙwabcinka, kada ka gwada ko da wasa, ninki biyu ake rubuta wa mai faɗa da shi.)

Akwai wata asarar da ba ta fitowa a allo, kuma tarihin ƙasar nan da muke zaune a cikinta ya fi ni iya bayyana ta. Daga 1877 zuwa 1893, shekara 16, Ibadan ta yi ta fafatawa da haɗakar Ekiti da Ijesha a yaƙin da ake kira Kiriji, sunan da aka ce daga ƙarar bindigogi ya samo asali. Aka kafa sansani ana kallon juna, ba mai iya ture wani. Shugaban yaƙin Ibadan, Are Latosa, a sansanin ya rasu a 1885. A 1886 gwamnatin Turawa ta nan Ikko ta shiga tsakani aka sa hannu a takardar sulhu, amma ɓangaren Ilori da Ibadan a wajen Offa bai rufu ba, don haka mayaƙa ba su watse gaba ɗaya ba. Yayin da suke wannan, wanda ke bakin teku yana ta shiri. A 1892 Ingila ta murƙushe Ijebu, a 1893 Gwamna Carter ya taka har can cikin ƙasa ya sallami sansanonin, kuma a shekarar Ibadan ta karɓi jami'in Bature ya zauna mata a gari. A gem ma haka take faruwa, sai dai babu jini. Wasa cikakke zagaye 500 ne, daga shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 2050. Kana can kana murnar ka kama magini na biyar, wani sarki a wata nahiyar da ba ka taɓa leƙawa ba ya gama tashar harba kumbo. Ni haka wancan wasan nawa na gindin duwatsu ya ƙare. Ina da mahaya mafi gogewa a duniya, na zo na uku.

Shawarata: ka ce albarka sau ɗaya ko sau biyu, domin tayinta yakan hau in ta ga rundunarta na narkewa. Ka yi amfani da zagayen ka wawashe abin da ke kusa. Sannan ka zauna a teburin ka nemi abu biyu, ta sallama maka garuruwan a rubuce, ta kuma biya zinariya. Ka sallama. Sulhu zagaye 10 kawai yake ɗaure hannunka. In bayan nan ka ga ta sake yin ƙiba kuma kana da sha'awa, hanyar ba ta gudu ba. Ka san abin da ke samun buhun albasar da aka yi ta ce wa albarka har mako ya zagayo.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mu huɗu ne a Idi-Araba, laftof ɗaya muke karɓa-karɓa duk daren Asabar. Ɗayanmu ya karɓi zinariya 600 a dunƙule daga hannuna, a kan zai riƙa biya na kaɗan-kaɗan har zagaye 30. Zagaye na gaba sai ya ɗaura mini yaƙi, biyan ya tsaya. Yanzu ya bar ni da gari ɗaya, ya ƙi ci, ya ƙi sulhu, mako uku ke nan. Ya ce dabara ce, gem ya yarda. Ni na ce cuta ce. Mun yarda duk abin da ka yanke shi ke nan.

AMSA: Ɗan'uwa, kun ɗora mini alƙalanci, ni kuwa mai gyaran laftof ne a Computer Village. Amma tunda kun yarda, bismillah. Ƙara biyu ka shigar, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko, ta zinariya. Abokinka bai karya dokar gem ba. Duk yarjejeniyar biya kashi-kashi tana mutuwa ranar da yaƙi ya tashi, abin da aka riga aka miƙa a hannu kuwa ya tafi. Tsohuwar dabara ce, har ta sa a Civilization V, bayan ƙarin Brave New World na 2013, masu gem suka hana cinikin zinariya a dunƙule sai tsakanin waɗanda suka yi shelar abota. Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma na yi wa kwamfuta haka ba sau ɗaya ba, kuma na yi barcina lafiya. A nan laifin rabi naka ne. Ka ba da bashi babu jingina. Jinginar kuwa tana nan a gabanka kyauta: shelar abota zagaye 30 ce, yarjejeniyar biya ma zagaye 30 ce. Ka sa a yi shelar a zagayen da za ka miƙa kuɗin, shi ke nan ka ɗaure shi har ya gama biya. Duk wanda ya ce maka a bar maganar abota tukuna, kawo kuɗin dai, to ya gaya maka niyyarsa da bakinsa. Wannan ƙarar na kore ta, tare da cewa daga yau kada wani a cikinku ya sake ba shi ko gishiri sai da shaida.

Ta biyu ita ce mai nauyi, kuma a nan ina da abin faɗa don na taɓa zama a kujerar abokinka.

A watan Mayun 2020, lokacin korona, shagon intanet na Epic Games ya raba Civilization VI kyauta na mako guda. Ana cikin dokar hana fita da dare, kasuwa ba ta tafiya, sai na koya wa maƙwabcina, wani tela da muke gida ɗaya a Agege. Mutum ne mai sanyin hali, ya girme ni da kusan shekara goma, Malam nake ce masa. Laftof nawa, janareta tawa, mai muna raba kuɗinsa biyu, doguwar wayar wutar da ke kawo mana har tsakar gida kuwa tasa ce, ta kekensa. Ya ɗauki Salahuddin saboda sunan kawai ya burge shi. Ni na ɗauki Sitiya, waɗanda in suka horar da mahayi ɗaya sai a ba su biyu. Kafin ya gane gabas da yamma na cinye garuruwansa, na bar masa Alƙahira. Sai na shiga yi masa irin abin da na bayyana a amsar da ke sama. Ya gyara madarasarsa, in ƙone. Ya gyara, in ƙone. Ran nan ya dube ni ya ce, "Kai ko tsoron Allah ba ka yi, makaranta fa kake ƙonawa." Na yi dariya har da riƙe ciki. Ya aiko sulhu, na ce, "Albarka, Malam."

Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda daren ke tafiya a wajensa. Ni in laftof ta zo hannuna ina da garuruwa goma sha biyu da zan duba, ina ɗaukar minti goma. In na miƙa masa, gari ɗaya ne, ya danna gyara, ya danna wuce, ya miƙo. Sauran lokacin yana zaune a kan benci yana korar sauro, yana sauraren janaretar da shi ma ya zuba wa mai. Kwamfuta in ka tsare ta a lungu ba ta da daren da za ta yi asara. Shi yana da shi, ga ɗinkin Sallah na jiran sa. A dare na huɗu, muna zagaye na 212, ya miƙe ba tare da ya ce uffan ba, ya bi wayarsa yana naɗewa a gwiwar hannu, tun daga ƙafata har bakin janareta. Batirina dama ya daɗe da mutuwa. Allo ya yi baƙi. Ya ce, "Sai da safe," ya shige ɗaki. Da asuba mun haɗu a masallaci mun gaisa lafiya lau, har yau muna zumunci, shi ya ɗinka mini kayan aurena. Amma bai sake taɓa gem ɗin ba, kuma ajiyar wasan tana nan a tsohon faifaina a zagaye na 212, yaƙin a buɗe.

Don haka ga hukuncina. Abokinka ya zaɓi ɗaya kafin Asabar mai zuwa: ko ya ci garin ka huta, ka koma ɗan kallo kana shan shayinka da hujja, ko ya karɓi sulhu ka sake ginawa. Tsare mutum a gari ɗaya mako uku, a laftof ɗin da ake jira, cin lokacin mutane uku ne don ɗaya ya ji daɗi. Kafin ku buɗe sabuwar taswira kuma ku yi magana tun ba a san wa zai faɗa rami ba. Mu a majalisarmu ta yanzu abin da muka tsayar shi ne, wanda ya rasa fiye da rabin garuruwansa in ya nemi sulhu sau uku, na ukun dole a karɓa, amma mai nasara ke faɗin farashi. Ku kuna iya tsayar da wani abin daban. Sauran biyun da suka yi shiru mako uku suna kallo ma ban wanke su ba. Da ɗayansu ya tura runduna ta bayan gidan mutumin nan yayin da dawakansa ke ƙofarka, da tuni ya zo neman sulhu da ƙafarsa.

TAMBAYA: Yaya, ƙanina ya ce a sabon Civilization akwai Sarauniya Amina, wai har Hausa take yi. Da gaske ne ko zolaya ta yake? Kuma wannan jan yaƙin da yake yi yana hana mu barci, a can ma ana yi? Daga wata ɗaliba, Obalende.

AMSA: Ƙanwata, wannan karon bai zolaye ki ba. Civilization VII ya fito a watan Fabrairun 2025, kuma Amina ta Zazzau na cikin shugabannin da aka fito da su tun ranar farko. An ba ta baiwar zinariya daga kayan albarkatun da ke garuruwanta, da ƙarin ƙarfi ga sojanta a fili da hamada. Ga wadda ruwaya ta ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har ganuwoyi na amsa sunanta, ba su yi nisa da hanya ba.

Jan yaƙi kuwa, a can an taka masa burki. An raba wasan zamani uku, kuma duk lokacin da zamani ya juya, yaƙe-yaƙen da ke buɗe suna rufuwa ko an so ko ba a so. Sannan akwai goyon bayan yaƙi, wanda ake saye da makin tasiri, makin da kuma da shi ake duk wata hulɗa da sauran sarakuna. Ɓangaren da goyon bayansa ya fi ƙaranci, sojansa na raunana, mutanensa na ɓata rai, kuma mai farmakin ba-zata abokin gabarsa yake ba wa wannan goyon bayan tun daga farko. Zama a gida da yaƙi a buɗe ya daina zama kyauta. Batun barci dai ba na ce zai gyaru ba, wannan sai Hajiya ta sa baki.

Ranar da na fara ɗora shi a shago, a laftof ɗin wani kwastoma da ya ce in gwada masa ko za ta iya ɗauka, na ƙure murya ban sani ba. Amina ta fito a allo ta yi magana, sai yaron shagon da ke kusa da nawa, Bayarabe ne da ya yi hidimar ƙasa a Kaduna, ya leƙo da sukudireba a hannu yana tambaya wace Hajiya ce ta zo. Na juya masa allon. Ya tsaya ya saurara har ta gama, ya ce in sake kunnawa, ya tafi ya kira mai shayin bakin layi, mutumin Zariya, wai ya zo ya ji 'yar garinsu. Mai shayin ya zo da butarsa a hannu, ya kalla, ya ce a sake. Kwastoman bai sami laftof ɗinsa ba sai bayan la'asar.